Idan na yanke wuraren batsa a fim na tura wa mutane, na shiga haƙƙin masu fim ɗin?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin doka da malamai ina da tambaya. Ina da ɗan shago na tura fina-finai a waya da memori, na Indiya da na Turawa da na Koriya duk muna turawa. Yawancin kwastomomina magidanta ne da matan aure, mutum zai zo yace a sa masa fim ɗin da zai iya kalla da yara a falo, kuma kun san halin fina-finan waje, labari mai kyau mai ma'ana amma ana cikin tafiya sai kawai a jefo wani wuri na tsiraici ko ashar wanda ko minti biyu bai kai ba amma ya ɓata komai, uba na zaune da 'ya'yansa mata kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Shi ne na fara zama da kwamfuta ina bin fim ina yanke irin waɗannan wuraren in sake haɗa shi, kuma wlh mutane suna so sosai, har ina tunanin buɗe tasha a Telegram in riƙa sakawa ana biyan wani abu kaɗan duk wata.

To sai wani abokina yace min wai wannan laifi ne a dokar haƙƙin mallaka, wai ko a Amurka an rufe kamfanoni a kan irin haka. Ni abin bai shige ni ba gaskiya. Ban ce ni na yi fim ɗin ba, ban goge sunan kowa ba, ban ƙara komai ba, ragewa na yi kuma ɓarna na rage. Na kuma ji ance dokar tana da sassauci ga wanda ya yi amfani da aikin wani bisa adalci, to kare tarbiyyar yara bai shiga ciki ba? Sannan ita hukumar tace fina-finai ta Kano ai yankewar take sa a yi, me ya bambanta nawa da nata?

Maman Iman:

Wa alaikumus salam. Malam Allah ya saka maka da alheri, ni dai a matsayina na uwa ina bayanka. Wanda bai da yara ba zai gane wahalar nan ba, kullum rimot na hannunka kana zaman ɗar-ɗar, kafin ka danna an riga an nuna abin. Kuma hana su kallon gaba ɗaya ba ya yiwuwa yanzu, in ka hana a gida za su gani a wayar ƙawaye. Ni abin da ban gane ba shi ne me masu fim ɗin suka rasa? Da ba za mu kalla ba sam, yanzu mun kalla. Amma bari masu doka su zo.

Ɗalibin Lauya:

Malam Ɗan Kurna abokinka ya faɗi gaskiya, kuma hujjojin nan da kai da Hajiya kuka kawo su ne sak aka kai gaban alƙali a Amurka, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Abin ya fi ƙarfi ne a jihar Utah, inda mabiya cocin Mormon suka fi yawa, mutane ne masu tsantseni a kan abin da iyalinsu ke kalla kamar mu ɗin nan. Tun 1998 wani shagon bidiyo a can ya yi suna da yanke wuraren tsiraici a fim ɗin Titanic, kai za ka kawo kaset ɗinka da ka saya a yanke maka a kan dala 5. Daga nan a shekarar 2000 aka kafa kamfanin CleanFlicks, su kuma sai suka mai da abin babbar sana'a, su sayi faifan DVD na asali su kwafe shi a kwamfuta su cire batsa da zagi da zubar da jini su buga a sabon faifai su sayar ko su ba da haya. Kuma ka lura, duk kwafi ɗaya da suka tace sai sun sayi na asali ɗaya a madadinsa, wato kamfanin fim ya ci kuɗinsa cif. A 2002 maganar ta je kotu a jihar Colorado, ƙungiyar daraktoci da manyan kamfanonin Hollywood a gefe guda, cikin daraktocin har da Steven Spielberg da Martin Scorsese. A watan Yulin 2006 alƙali Richard Matsch ya yanke hukunci cewa CleanFlicks sun keta haƙƙin mallaka, ya ce su daina kuma su miƙa faya-fayan da ke hannunsu.

Sassaucin nan na amfani bisa adalci da ka ji, shi suka riƙe, amma bai fisshe su ba. Kotu abu huɗu take dubawa. Tana duba manufar amfanin, kasuwanci ne ko kuwa ilimi da sharhi, kuma shin ka mai da aikin wani sabon abu ne mai sabuwar ma'ana. Tana duba irin aikin, ƙagaggen labari ya fi samun kariya a kan rahoton abin da ya faru. Tana duba yawan abin da ka ɗauka, sannan tasirin abin a kasuwar mai aikin. To mai tace fim kusan duk fim ɗin ya ɗauka, minti kaɗan ya zubar, bai kawo sabon abu ba, kuma kuɗi yake karɓa. Da suka ce ai masu fim riba ma suka samu tunda mun kawo musu masu kallon da da ba za su saya ba, alƙalin bai karɓa ba, a ganinsa mai aiki shi ke da ikon cewa ga yadda aikinsa zai fita da kuma kasuwar da yake son shiga, ko da zaɓin nasa zai rage masa ciniki. Maganar kare yara kuma ya nuna musu cewa ba kotu ce wurinta ba, majalisa ce ke yin doka.

Kuma majalisar ta riga ta yi, nan ne abin da ya kamata ka riƙe. A 2005 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar fim ta iyali. Dokar ta halatta na'ura ko manhajar da za ta tsallake wani wuri ko ta kashe sauti a lokacin da ake kallon fim a cikin gida, bisa zaɓin mutanen gidan, da sharaɗin fim ɗin halastaccen kwafi ne kuma ba a samar da wani sabon kwafi da aka tace aka ajiye ba. Wannan ce ta ceci wani kamfanin na Utah mai suna ClearPlay, domin su ba sa taɓa faifan, na'urarsu ce take da jerin lokuta, in an zo minti kaza ta yi tsalle, in an zo kalma kaza ta yi shiru, ka cire faifan yana nan yadda aka buga shi. Kamar littafi ne, in ka saya kana da ikon tsallake shafin da ba ka so, wani ma zai iya rubuta maka lambobin shafukan da za ka tsallake, amma ka je maɗaba'a ka sake buga littafin babu waɗannan shafukan kana sayarwa, wannan sai da izinin marubuci. Abin da kake yi a shago irin na CleanFlicks ne ba irin na ClearPlay ba.

Ɗan Kurna:

Barista na gode sosai, amma tsaya. Kana nufin su da suke sayen na asali ɗaya bayan ɗaya ma ba su tsira ba? To ashe mu da muke sauke fim daga intanet namu ya fi nasu nauyi kenan. Kuma in mai kallo a ƙarshe abu ɗaya yake gani, ko na'ura ta tsallake ko ni na yanke, me ya sa doka za ta raba su?

Baban Zara (Amurka):

Ɗan uwa tambayarka ta ƙarshe mutane da yawa a nan ma suna yinta. Ni ina zaune a ƙasar kuma ina cikin iyayen da suka yi amfani da irin waɗannan manhajojin, bari in ƙara kan abin da Barista ya faɗa da labarin VidAngel, don shi ya fi kusa da abin da kake son yi a Telegram.

Su ma 'yan Utah ne. Sun ga abin da ya sami CleanFlicks sai suka fito da dabara, za su sayi faya-fayai da yawa su ajiye, kai kuma ta intanet za ka sayi faifai ɗaya a dala 20, ka zaɓi abubuwan da kake so a cire maka, zagi ne ko tsiraici ko jini, ka kalla ta intanet, in ka gama ka sayar musu da faifan a dala 19. Kaga a zahiri dala 1 ka kalli fim, a takarda kuma faifanka ne ka sa aka tace maka. A 2016 Disney da Lucasfilm da 20th Century Fox da Warner Bros suka maka su a kotu, a watan Disambar shekarar aka dakatar da su, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017. Abin da ya kayar da su shi ne abin da ake turo maka ba daga faifanka yake fitowa ba, daga kwafin da suka yi suka ɗora a kwamfutocinsu ne, kuma kafin su kwafa sai sun fasa makullin hana kwafa da ke jikin faifan, wanda wata doka ta 1998 ta haramta shi daban. Har akwai fina-finan da suke nunawa tun kafin masu su su ba wa kowa lasisin nunawa ta intanet. A 2019 aka ɗora musu diyyar dala miliyan 62.4, daga baya a 2020 aka sasanta a kan miliyan 9.9. Kamfanin bai mutu ba, ya koma tsarin da za ka haɗa shi da asusunka na irin su Netflix da Amazon wanda kai kake biya, shi kuma ya riƙa tsallake maka.

Amma ni fa gaskiya raina yana ɓaci da kamfanonin fim ɗin nan, kuma ba zan ɓoye ba. Su da kansu suna yin kwafin da aka tace, wanda ake nunawa a jirgin sama da tashoshin talabijin, an cire tsiraicin an canza kalmomin zagi, yana nan a ajiye a wurinsu. Iyaye sun daɗe suna cewa ku sayar mana da wannan ɗin mana da kuɗinmu. A 2017 Sony suka gwada, suka ce za su haɗa wa mai saye kwafin da aka tace na fina-finai 24, nan take wasu daraktoci da ƙungiyarsu suka yi ca a kai, Sony suka ja da baya. To in darakta ya yarda a yanke fim ɗinsa saboda kamfanin jirgi ya biya, me ya sa in uba ne ya nema sai a ce an taɓa fasaha? Doka tana gefensu, na yarda, amma buƙatar Maman Iman gaskiya ce kuma su suka ƙi biyanta.

Ɗan Damagaram:

Sannunku. Baban Zara ina jin zafin da kake ji amma bari in faɗi ɓangaren masu yin fim, don na taɓa aiki a bayan kyamara. Mu nan Nijar dokarmu ta bi tsarin Faransa, kuma a can bayan haƙƙin kuɗi akwai haƙƙin mutuncin aiki wanda yake manne da mai aikin ko ya sayar da fim ɗin. Misali sananne shi ne na darakta John Huston, bayan rasuwarsa an ɗauki wani fim ɗinsa mai baƙi da fari aka sa masa kala, magadansa suka kai ƙara a Faransa, a 1991 babbar kotun ƙasar ta ba su gaskiya, alhali ko daƙiƙa ɗaya ba a yanke ba.

Kuma yankan nan ba kullum yake tsayawa a kan batsa ba. Ka ɗauki fim a kan yaƙi ko cinikin bayi, wanda ya yi shi da gangan ya nuna munin abin don mai kallo ya ƙyamace shi, in ka cire duk wurin da ke tayar da hankali sai yaƙin ya koma abin sha'awa, kuma sunan mutumin na nan a jiki kamar shi ya faɗi haka. Yau kai ka yanke tsiraici da kyakkyawar niyya, gobe wani ya ɗauki fim ɗin Hausa ya yanke wurin sallah ko wa'azin da ke ciki don bai dace da masu kallonsa ba ya ci gaba da sayarwa da sunan furodusan. Dokar da ta hana shi ita ce ta hana ka.

Ɗalibin Lauya:

Malam Ɗan Kurna eh, naku ya fi nauyi, ba zan rufe ka ba. Matsalar ta fara tun kafin ka yanke komai, fim ɗin da aka sauke ba da izini ba aka tura wa mutum aka karɓi kuɗi ya riga ya zama satar fasaha, tacewar ba ta wanke shi, ƙari ma take yi don yanzu ka kwafa ka sauya ka rarraba. Dalilin da doka ta raba na'ura da almakashi kuma shi ne kwafi. In na'ura ce ta tsallake, abin ya ƙare a falon mutum ɗaya kuma shi ya zaɓa. In kai ka yanke ka ajiye, an sami wani sabon fim da zai yi ta yawo daga waya zuwa waya, wanda ya karɓa a hannu na biyar bai ma san an taɓa shi ba.

A Najeriya dokar da ke aiki ita ce dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023. Ta ba mai fim ikon kwafa da rarrabawa da sauya fasali da sakawa a intanet, ta kare mutuncin aiki irin wanda Ɗan Damagaram ya faɗa, ta kuma hana fasa makullin fasaha. Tana da nata sassaucin, kamar amfanin kai, bincike da karatu wanda ba na kasuwanci ba, sharhi da suka da ba da labarin abin da ke faruwa, kuma abubuwa huɗun can na Amurka kusan su ta ɗauko a matsayin ma'auni. Wanda ya tace wa 'ya'yansa fim ɗin da ya mallaka ta halal a cikin gidansa yana da abin faɗa a ƙarƙashin amfanin kai. Mai shago da mai tashar Telegram da ake biya ba su da shi. Kuma kasancewar fim ɗin na Indiya ne ko Amurka bai fitar da shi ba, Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, aikin 'yan ƙasashen da ke ciki yana da kariya a nan.

Hukumar tace fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001, da ta tarayya, aikinsu daban ne. Su gwamnati ce ke ce wa mai fim in kana son a nuna shi a nan sai ka cire kaza, mai fim ɗin ko wanda ya ba wa lasisi shi zai cire da hannunsa ko ya haƙura da kasuwar. Hukumar ba ta ɗaukar fim ɗin ta sayar. Haka ma ko hukuma ta ga kwafinka ta ce babu abin ƙi a ciki, wannan bai zama izinin mai fim ba, ƙofa biyu ce kowacce da mabuɗinta.

Malamin Islamiyya:

Allah ya ƙara ilimi. Ta ɓangaren addini zan ɗan sa baki tunda mai tambaya ya ambaci malamai. Niyyarka ta kare idon yara abar yabo ce kuma uba abin tambaya ne a kan abin da ya shigo gidansa. Sai dai majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su ke da ikon sarrafa su kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Akwai malaman da suka sassauta a kan kwafa don amfanin kai musamman littattafan ilimi, amma a mai da shi hanyar samun kuɗi ba da izini ba, nan maganar ta yi tsauri. Sannan ka duba kanka ma ɗan uwa, mai yankewa sai ya kalli abin da zai yanke, ya maimaita ya daidaita, kullum. Wannan ma abin tunani ne.

Injiniya:

Ni ta fannin na'ura zan taimaka, don abin da ClearPlay suke yi ba wani sihiri ba ne, ana iya yinsa kyauta. Manhajar Kodi da MPlayer suna karanta wani ɗan fayil da ake kira EDL, rubutu ne zalla, a Kodi ka ba shi suna iri ɗaya da fim ɗin ka ajiye su a wuri ɗaya. Kowane layi lamba uku ne, daƙiƙar farawa, daƙiƙar ƙarewa, sai 0 in tsallakewa kake so ko 1 in kashe sauti ne. Fim ɗin ba a taɓa shi ba, in ka goge fayil ɗin ya dawo yadda yake. Abin lura kawai shi ne lokutan su dace da kwafin da mutum yake da shi, in an sami bambancin 'yan daƙiƙoƙi a farko to duk lissafin ya goce.

Hajiya Maman Iman ke kuma kafin a kunna fim ki duba sunansa a IMDb, shafin intanet ne na bayanan fina-finai, akwai sashen jagorar iyaye da ke lissafa duk wani wuri na tsiraici da zagi da tashin hankali, Common Sense Media ma suna yi har da shekarun da ya dace. In kuna da Netflix ki buɗe wa yara nasu ɓangaren ki sa wa na manya lambar sirri.

Malam Ɗan Kurna aikin da ka iya na bin fim kana gano wuraren nan shi ne mai wahalar kuma shi mutane ke nema, jerin lokutan da ka fitar ba kwafin fim ɗin kowa ba ne. Fina-finan da za ka tura kuwa, na Hausa su ne masu su ke kusa da kai, furodusoshin suna nan Kano za ka iya zama da su ku yi yarjejeniya a rubuce, har ka nemi su yarda ka fitar da kwafin iyali in akwai abin cirewa. Tashar Telegram ɗin nan ta fina-finan waje dai ka dakata da ita.